Ƙidayar Ƙwan Faɗa-wuta a Busasshen Dajin Kona

Aikin sa kai da na shiga a tsibirin Hawayi ba shi da wani abin burgewa idan aka faɗe shi a taƙaice. Mutum zai tsaya gaban wata bishiya mai dafi, wadda kowa ya yarda cewa baƙuwa ce a ƙasar kuma mai ɓarna, ya riƙa juya ganyenta ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙwai ɗan mitsitsi, sannan ya rubuta abin da ya gani, ko kuma, kamar yadda aka fi yi, ya rubuta cewa bai ga komai ba. Ƙwan na wani faɗa-wuta ne, wato irin malam-buɗe-littafin nan mai tashi da dare, wanda masana suke kira Manduca blackburni. Babu shi a ko'ina a duniya sai a tsibiran Hawayi, kuma yana cikin mafiya girma a ƙwarin ƙasar na asali, domin idan ya buɗe fikafikansa faɗinsu yakan kai santimita 12.

Shiga aikin bai yi wuya ba. An buƙaci in cike takardar rajista, in sa hannu a kan wata da ke nuna cewa na san haɗarin tafiya a kan duwatsu masu kaifi, in kuma tabbatar da cewa zan iya yini a tsaye cikin rana. Ba a tambaye ni shaidar karatun ilimin ƙwari ba, kuma daga baya na fahimci dalili: abin da aikin yake nema shi ne ido da haƙuri, sauran kuwa ana koyar da shi a filin. An aiko mana da jerin abin da za mu zo da shi, wanda ya haɗa da takalmi mai kaurin ƙasa wanda ya rufe idon sawu, dogon wando, riga mai dogon hannu, malafa, safar hannu da ruwan sha mai yawa. An kuma gargaɗe mu cewa ranar fita tana iya sauyawa, domin ruwan sama ne yake tsayar da ita. Ana yin irin wannan bincike ne a lokacin damina, wadda a can take faɗowa tsakanin Nuwamba da Afrilu, kuma an fi son a fita 'yan makonni bayan an yi ruwa mai ƙarfi, lokacin da tsirrai suka fitar da sabon ganye kuma macen faɗa-wuta ta sami inda za ta saka ƙwai.

Wurin da muka yi aikin shi ne gandun dajin Puʻu Waʻawaʻa, a arewacin yankin Kona, a jikin Hualālai, dutse mai aman wuta wanda rabonsa da amai tun 1801. Sashen kula da gandun daji da namun dawa na jihar Hawayi ne yake riƙe da shi. Wanda ya saba ganin Hawayi a hoto, da korayen tsaunuka da ruwa yana zubowa daga sama, zai yi mamakin wannan gefen. Iskar da take ɗauke da ruwa daga arewa maso gabas take busowa, manyan duwatsun tsibirin su tare ta, ta zubar da ruwanta a wancan gefen, ta iso nan a bushe. Ƙasar kuwa yawancinta narkakken dutse ne da ya daskare, kuma irin da mutanen wurin suke kira ʻaʻā, mai gautsi da kaifi, yana motsi a ƙarƙashin ƙafa, yana cin takalmi, wanda ya faɗi a kansa kuma ba ya tashi ba tare da jini ba. A cikin wannan ƙasa ne wani daji ya taɓa tsayawa wanda masanin tsirrai Joseph Rock, a 1913, ya lissafa cikin wuraren da suka fi yawan nau'o'in itatuwa a duk tsibiran. Fiye da kashi 90 cikin 100 na busasshen dajin Hawayi ya riga ya tafi.

Kafin a bar kowa ya shiga, sai da muka goge ƙasan takalmanmu da buroshi har babu sauran ƙasa ko irin ciyawa a maƙale, sannan aka fesa musu sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Dalili biyu ne: kada mu shigo da irin baƙuwar ciyawa, kuma kada mu ɗauko cutar nan da take kashe itacen ʻōhiʻa cikin gaggawa, wadda aka gano musabbabinta a 2014. Ana maimaita wannan a wajen fita.

Jagorar aikin, masaniyar ƙwari ce, ta tara mu a inuwar mota ta fara da tarihin ƙwaron, kuma na lura ta fara da shi ne domin mu san nauyin abin da za mu riƙe alƙalami a kansa. An sa masa sunan Thomas Blackburn, wani limamin coci ɗan Ingila da ya tattara ƙwari a tsibiran, kuma Arthur Butler ne ya yi bayaninsa a ilmance a 1880. A da ana samunsa a yawancin manyan tsibiran, amma zuwa ƙarshen shekarun 1970 an ɗauka ya ƙare, har sai da aka sake ganinsa a tsibirin Maui a 1984, daga baya kuma a Kahoʻolawe da babban tsibirin Hawayi. A shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da suke fuskantar barazanar ƙarewa, ya zama ƙwaron Hawayi na farko da ya shiga jerin. Wannan ya sa shi ƙarƙashin dokar 1973 ta kare irin waɗannan halittu, wadda ta hana kashe su, kama su, ko cutar da su ba tare da izini ba. Ga mu 'yan sa kai ma'anar wannan a sarari take: za mu duba, mu ƙirga, mu ɗauki hoto, amma ba za mu taɓa ƙwai ko tsutsa ba, balle mu ɗauke su daga ganye. Idan akwai buƙatar hakan, aikin mai riƙe da takardar izini ne.

Daga nan ta zo kan abin da ya sa aikin ya zama dole, kuma a nan ne lamarin yake da sarƙaƙiya. Asalin abincin tsutsar wannan ƙwaro shi ne ganyen wata bishiya da ake kira ʻaiea, 'yar dangin taba da tumatir da gauta. Awakin da Kyaftin Cook ya kawo a 1778, da shanun da George Vancouver ya kawo a 1793, da tumakin da suka bazu a dawa, sun daɗe suna cinye ƙananan itatuwa tun kafin su girma, kuma shi kansa Puʻu Waʻawaʻa wurin kiwon shanu ne tun ƙarshen ƙarni na 19. Sai kuma wata ciyawa mai dogon gashi, Cenchrus setaceus, wadda aka shigo da ita a farkon ƙarni na 20 domin ado, ta mamaye duwatsun. Tana bushewa ta kama wuta da sauƙi, bayan gobara kuma ita take fara tsirowa, alhali itatuwan ƙasar ba su saba da wuta ba, idan sun ƙone sun tafi ke nan. Da ʻaiea ta yi ƙaranci, har ɗaya daga cikin nau'o'inta, Nothocestrum breviflorum, ita ma ta shiga jerin masu fuskantar ƙarewa, sai ƙwaron ya koma kan wata baƙuwa 'yar dangi ɗaya, Nicotiana glauca, wata irin taba mai girma kamar bishiya wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ita kuwa wannan taba ba ta son ko'ina kamar inda aka tone ƙasa, wato gefen hanyoyin mota da filayen da aka share domin tare gobara. Idan aka bar ta, sai ta toshe hanyar da masu kashe wuta za su bi. Idan aka sare ta ba tare da dubawa ba, ana iya kashe halittar da doka ta kare. Ƙidayarmu ce take nuna inda za a sare da lokacin da za a sare.

An raba mu biyu-biyu, kowane rukuni aka ba shi wani yanki na gefen hanya, da na'urar GPS, da sandar awo, da gilashin ƙara girman abu, da allon takarda. Ɗaya yana dubawa, ɗaya yana rubutawa, sannan a yi musanya domin ido ya huta. Abin farko shi ne auna tsayin bishiyar. Ƙa'idar da hukumar kula da namun dawa ta Amurka ta bayar ita ce, tabar da ba ta kai ƙafa uku ba, wato ɗan ƙasa da mita ɗaya, ana iya cire ta tun tana ƙarama domin kada ta jawo ƙwaron, amma wadda ta wuce haka sai an bincika ta. Bayan tsayi sai a rubuta ko tana da sabon toho, ko tana fure, ko ganyenta ya fara bushewa, domin waɗannan suna da alaƙa da ko za a sami ƙwai a kanta.

Shi kansa duban yana da tsari, kuma wanda ya bar tsarin ya bi son ransa zai tsallake rabin ganyen ba tare da ya sani ba. Ana farawa daga reshe ɗaya, daga kansa inda sabon ganye yake, a bi shi har zuwa gindi, a duba saman kowane ganye sannan a juya shi a hankali a duba ƙasansa, kafin a koma reshe na gaba, ana zagaya bishiyar ta gefe guda har a dawo inda aka fara. Ganyen tabar yana da santsi da kauri, launinsa kore ne mai ratsin shuɗi, da wani farin gari a jikinsa wanda yake gogewa idan yatsa ya bi ta kai, furenta kuma rawaya ne mai siffar ɗan bututu. Dafinta ba abin wasa ba ne ga wanda ya ci, shi ya sa aka ce mu wanke hannu kafin mu taɓa abinci. Ƙwan da muke nema zagayayye ne, bai kai milimita 2 ba, launinsa kore mai haske, kuma guda-guda ake saka shi, ba a tara shi wuri ɗaya. Girmansa bai wuce na ƙwayar gero ba. A kan ganyen da shi ma kore ne, ido ba ya kama launinsa. Abin da yake tona masa asiri shi ne ɗan ƙyallin da yake yi da 'yar inuwar da yake jefawa idan aka karkata ganyen ta fuskar rana. Jagorar ta nuna mana na farko da tsinken ciyawa ba tare da ta taɓa shi ba, ta sa kowa ya sunkuya ya dube shi da gilashi, sannan ya ja da baya ya sake nemo shi da ido kawai. Wannan ja da baya shi ne ainihin darasin, domin a tazarar hannu ake aiki, ba a tazarar gilashi ba.

Ita tsutsar ta fi ƙwan sauƙin samu, amma ba ta hanyar nemanta kai tsaye ba. Alamunta ake fara gani. Ƙarama takan bar 'yan ramuka a tsakiyar ganye, babba kuwa takan cinye ganyen gaba ɗaya ta bar sandarsa a tsaye, har ta gwaguyi kan reshe mai taushi. Kashinta ma shaida ne: baƙi ne, mai siffar ɗan ganga da tsaga-tsaga a jikinsa, kuma idan aka gan shi sabo a kan ganye ko a kan dutse, sai a ɗaga kai a duba reshen da yake daidai samansa. Tana sauya fata sau da dama, tana bi ta matakai biyar na girma, kuma takardarmu tana da gurbin rubuta matakin da ake zaton tana ciki. Sabuwar ƙyanƙyasa siririya ce ƙwarai, mai haske, da wani baƙin ƙaho a bayanta wanda ya yi mata yawa.

Yawancin layukan takardarmu sifiri ne. Na ga yadda wannan yake kashe wa mutane jiki bayan awa biyu cikin rana, kuma a nan ne, a ganina, ake gane wanda ya fahimci aikin. Sifiri iri biyu ne a zahiri, ko da yake a takarda kamanninsu ɗaya: akwai na wanda ya juya kowane ganye bai ga komai ba, akwai kuma na wanda ya leƙa bishiyar daga nesa ya wuce. Na farkon yana ba da damar a sare bishiyar da kwanciyar hankali, na biyun kuwa yana iya sa a sare ta da ƙwai a jikinta. Saboda haka ne aka sa mu rubuta lokacin da muka fara da lokacin da muka gama kowane yanki, kuma idan bishiya ta fi ƙarfin hannu, muka kasa kaiwa ga rassanta na sama, dole a rubuta cewa ba a duba ta duka ba. Jagorar ta ce ta fi son a kawo mata rabin yanki da aka duba da kyau a kan cikakken yanki da aka duba sama-sama, kuma takan biyo bayan sababbi ta sake duba wasu bishiyoyin da suka gama. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin yarda ba. Hanya ce ta sanin kashi nawa ne yake kuɓuce wa idon ɗan koyo, domin a yi la'akari da shi a lissafi.

Akwai wani gurbi a takardar na ƙwan da ya yi baƙi. Wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro na jinsin Trichogramma suna saka nasu ƙwan a cikin na faɗa-wuta, 'ya'yansu su cinye abin da yake ciki, ƙwan ya rikiɗe ya yi baƙi, daga baya a ga wata 'yar huda inda suka fita. Ana kuma rubuta ko akwai tururuwa a jikin bishiyar. Wannan ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin tsibiran Hawayi ba su da tururuwa ta asali ko ɗaya. Duk wadda aka gani mutum ne ya kawo ta, kuma ƙwarin ƙasar sun rayu tsawon zamani ba tare da sun koyi kare kansu daga gare ta ba. Bishiyar da tururuwa take hawa da sauka a jikinta, da wuya ƙaramar tsutsa ta kai labari a kanta.

Babbar tsutsar da muka samu abokin aikina ne ya hango ta, bayan mun bi sabon kashi daga kan dutse zuwa sama. Tana manne a ƙasan wani reshe da ta riga ta tsiraita, tsawonta ya kusa santimita 10, kaurinta ya kai na yatsa. Suna zuwa da launi biyu, kore shar ko kuma toka-toka mai duhu, wannan kuwa koriya ce, da fararen ɗigo-ɗigo a bayanta, da farin layi a gefenta, da ƙaho a ƙarshen jikinta. Da inuwarmu ta faɗo mata sai ta daina ci, ta ɗaga gaban jikinta ta lanƙwasa kai ta tsaya cik, ta daɗe a haka ba ta motsa ba. Muka ɗauki hoto da sandar awo a gefenta, muka rubuta lambobin wurin daga na'ura, muka ɗaura ƙyallen leda mai launi a wani reshe na daban, sannan muka kira jagorar ta tabbatar. Tabbatarwar ba ta wuce ƙa'ida ba, amma tana da amfani, domin akwai wasu ƙwari 'yan dangi ɗaya a tsibirin. Ko babban ƙwaron ma ana rikita shi da wani faɗa-wuta mai suna Agrius cingulata, sai dai shi wancan alamun da suke gefen cikinsa ruwan hoda ne, na Blackburn kuwa ɗigo biyar ne masu ruwan lemo a kowane gefe.

Ƙyallen da muka ɗaura ba bishiyar kaɗai yake karewa ba, har da ƙasar da take kewaye da ita. Idan tsutsar ta gama girma sai ta sauko, ta yi 'yar tafiya, ta shige cikin ƙasa ko tsakanin duwatsu ta rufe kanta da ƙwanso. Idan yanayi ya yi kyau, daga ƙwai zuwa cikakken ƙwaro mai fiffike ba ya wuce wata biyu, amma idan fari ya yi tsanani tana iya zama a ƙasa har kusan shekara tana jiran ruwa. Ma'ana, bishiyar da aka ga alamun ci a jikinta amma ba a ga tsutsa ba, ba a wanke ta ba tukuna, domin mai yiwuwa abin da ake nema yana kwance a ƙarƙashin takalmin mai neman. Shi ya sa ake hana tona ƙasa ko shigar da babbar mota kusa da irin wannan bishiya.

Daga baya an kai mu cikin wani fili da aka kewaye da shingen waya domin hana awaki da tumaki da aladu shiga, inda muka yi irin wannan duba a kan ʻaiea kanta. Bambancin ciki da waje a bayyane yake tun daga bakin shingen. A ciki akwai itatuwan ƙasar irin su lama da kauila da halapepe da wiliwili, tsofaffi da kuma ƙanana da aka dasa ana ba su ruwa da hannu. A waje kuwa ciyawa ce da tsirarun tsofaffin itatuwa waɗanda babu ko ɗa ɗaya a ƙarƙashinsu. Duba ʻaiea ya fi na taba wuya, saboda tsofaffin suna da tsayi, rassansu kuma suna karyewa, ba a yarda a ja su ƙasa ba. A wurin ne na ji muhawarar da ake yi tsakanin ma'aikatan. Wasu suna ganin a bar tabar a wuraren da ba ta tare hanya, tunda ita take riƙe da ƙwaron a yanzu. Wasu kuma suna ganin barinta yana ba ta damar watsa iri, alhali bishiya ɗaya tana zubar da iri mai ɗimbin yawa. Ni dai na fi karkata ga cewa tabar aro ce da ake cin moriyarta kafin ʻaiea ta dawo, kuma ba za a ce ƙwaron ya tsira ba muddin rayuwarsa tana rataye da ciyawar gefen hanya wadda injin share hanya zai iya kawar da ita cikin yini ɗaya. Sai dai ʻaiea ba ta da saurin girma, kuma babban ƙwaron yana buƙatar furannin da zai sha ruwansu da dare, irin su maiapilo da koali ʻawa da ʻilieʻe, waɗanda su ma sai an kare su daga bakin dabba.

A ƙarshen kowane yini muna zama mu karanta wa jagorar takardunmu layi-layi, ana gwada lambobin wuri da na na'ura, ana haɗa kowane hoto da lambar bishiyarsa, domin rubutun da aka yi a tsaye da safar hannu ba kullum yake karantuwa ba bayan kwana biyu. Daga waɗannan takardu ake fitar da taswirar da masu share hanya suke bi: yankunan da suka fito da sifiri na gaskiya a share su ba tare da ɓata lokaci ba, kafin wata mace ta zo ta saka ƙwai, waɗanda aka ɗaura wa ƙyalle kuma a dakata da su har a sake dubawa. Sakamakon ba ya daɗewa yana aiki, domin tabar tana iya wuce ƙafa uku cikin kimanin mako shida idan ta sami ruwa, kuma wadda aka sare ba a kashe gindinta ba takan sake tohowa da sabon ganye mai taushi, irin wanda ƙwaron ya fi so. Saboda haka yankin da muka gama a farkon damina an sake sa shi cikin jadawalin wata na gaba, aka kuma tambayi waɗanda suka riga suka san ƙwan a cikinmu ko za su iya karɓar sababbin 'yan sa kai su yi aiki tare da su.